Yadda Furosesar Kwamfuta ke Auna Zafin Jikinta: Nazari Dangane da Yanayin Ƙasar Daura

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan kimiyya da fasahar zamani a Daura, Jihar Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyar da furosesar kwamfuta ke bi wajen gane zafin jikinta, da matakan da take ɗauka idan zafin ya kusa fin ƙarfinta. An bibiyi abin tun daga dayod ɗin da ake karantawa daga waje a ƙarshen shekarun 1990 har zuwa ma'aunin dijital da ya bayyana a 2006. An dogara da bayanan da kamfanonin ƙera na'urorin suka wallafa da kuma lissafi mai sauƙi. Maƙalar ta nuna cewa abin da furosesa ke aunawa shi ne tazarar da ta rage mata kafin ta kai iyakarta, kuma bazara da ƙurar hunturu a ƙasar Daura suna cinye wani kaso mai yawa na wannan tazara tun kafin a fara aiki. Daga nan aka kawo shawarwari ga makarantu, cibiyoyin jarrabawa da masu gyara.

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan Daura ta shiga sahun garuruwan da ke da manyan makarantu. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a watan Disamba na 2019, ga kuma Kwalejin Yusufu Bala Usman da ta riga su. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka ɗalibi daga Baure, Zango, Sandamu ko Mai'adua ba shi da hanyar shiga jami'a sai ya zauna gaban allo. A kasuwa ma haka abin yake: mai POS, mai cajin waya da mai buga takardu duk da na'ura suke neman abincinsu.

Akwai kuka guda da kusan duk mai gyaran kwamfuta ya saba ji da zarar zafi ya shigo: “Da safe lafiya lau take, amma rana na yi sai ta fara nawa,” ko kuma “tana cikin aiki sai ta kashe kanta.” Galibi akan ɗora laifin a kan bayiros ko ƙarancin ram, a goge komai a sake zuba Windows, bayan kwana biyu matsalar ta dawo. Sau da yawa babu abin da ya lalace. Furosesar ce ta auna zafinta, ta ga ta kusa iyaka, ta rage gudu da gangan. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda take yin wannan awo, da yadda ya kamata a fahimci sakamakonsa a yanayi irin namu.

2.0 Tushen Zafi a Cikin Furosesa

Furosesa ɗan siririn silikon ce, faɗinta a yawancin kwamfutocin tebur bai wuce murabba'in santimita ɗaya zuwa biyu da 'yan kai ba, amma tana ɗauke da biliyoyin tiransista. Duk sanda tiransista ta buɗe ko ta rufe sai ta ci 'yar wuta, kuma kusan dukkan wutar da furosesa ta ja tana ƙarewa ne a matsayin zafi. Furosesa mai cin wat 65 tana fitar da zafin wat 65 ta wannan ɗan fili.

Wutar da ake ci wajen buɗewa da rufewa tana tafiya da saurin bugun furosesar, tana kuma tafiya da ƙarfin lantarki idan an ninka shi da kansa. Ma'ana, in aka rage ƙarfin lantarki da kashi 10 cikin 100, wutar za ta ragu da kashi 19. In aka haɗa da rage saurin bugu da kashi 10, ragin zai kai kusan kashi 27. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin duk wata dabarar kare furosesa. Akwai kuma wutar da ke yoyo ta jikin tiransista ko da ba ta aiki, wadda ke ƙaruwa yayin da silikon ya ɗumama. Zafi ya haifi yoyo, yoyo ya ƙara zafi. Wannan matsala ce ta tsayar da tseren saurin bugu: a 2004 kamfanin Intel ya soke furosesar Tejas da yake shirin fitarwa, kuma Pentium 4 ta tsaya a gigahaz 3.8, wasu nau'o'inta suna fitar da zafin da ya kai wat 115.

3.0 Hanyoyin Awo

3.1 Awo daga Waje

Hanya ta farko ita ce manna tamista a jikin madabod, ƙarƙashin mazaunin furosesa. Tamista wata 'yar aba ce da turjiyarta ga lantarki ke raguwa idan ta ji zafi. Aibinta shi ne nisa: zafin iskar da ke ƙarƙashin furosesar take ji, kuma kafin labari ya iso gare ta cikin silikon ya riga ya yi nisa da zafi.

3.2 Dayod a Cikin Silikon

Mafita ta samu ne daga ɗabi'ar silikon kansa. Idan aka tura kwararar lantarki tsayayya ta cikin dayod na silikon, ƙarfin lantarkin da ke tsakanin bakunansa biyu yana raguwa da kusan milibolt 2 a duk ƙarin digiri ɗaya na Salshiyos. Tunda furosesa daga silikon aka yi ta, dasa irin wannan dayod a cikinta ba wani aiki ba ne. A zahiri tiransista ce ake haɗa ƙafafunta ta zama dayod. Furosesocin Pentium II da Pentium III na ƙarshen shekarun 1990 sun zo da shi, an fitar da ƙafafu biyu zuwa wata 'yar na'ura a kan madabod wadda ke karantawa.

Sai dai babu dayod biyu da suke fitowa daga masana'anta daidai wa daida, don haka awo ɗaya ba ya wadatarwa. Dabarar da aka yi ita ce auna dayod ɗin sau biyu, da kwarara ƙarama sannan da babba, a ɗebe ɗaya daga ɗaya. Bambancin da ke tsakaninsu bai damu da yawancin ɗabi'un dayod ɗin ba. Abin da ya dogara a kai shi ne zafi a ma'aunin Kelbin da kuma ninkin da ke tsakanin kwararar biyu. In babbar ta ninka ƙaramar sau 10, bambancin yana ƙaruwa da kusan maikurobolt 198 a kowane digiri. A digiri 27 na Salshiyos zai kasance kusan milibolt 59.5, a digiri 100 kuma kusan milibolt 74. Wato tazarar da ke tsakanin ɗaki mai daɗin zama da tafasar ruwa ba ta kai milibolt 15 ba. Wannan ya nuna dalilin da ya sa 'yar hayaniyar lantarki a kan layukan madabod ke iya karkatar da awon da digiri da yawa.

A 2001 mujallar intanet ta Tom's Hardware ta yi wani gwaji da ya shahara: ta cire ƙarfen zuƙe zafi daga kan furosesoci suna tsaka da aiki. Pentium 4 ta rage gudu ta tsira. Athlon ta kamfanin AMD mai laƙabin Thunderbird, wadda ba ta da kariya a cikinta, ta ƙone cikin 'yan daƙiƙoƙi. Har sabuwar Athlon mai dayod ba ta tsira ba, domin na'urar da ke karanta dayod ɗin a kan madabod ba ta iya bin saurin hawan zafin ba. Darasin a fili yake: dole mai awo da mai yanke hukunci su zauna a wuri ɗaya, cikin silikon.

3.3 Ma'aunin Dijital da Batun Tazara

A farkon 2006 Intel ya fitar da Core Duo ɗauke da ma'aunin dijital. Har yanzu dayod ne ke jin zafin, amma an kai sashen da ke mayar da shi lamba cikin furosesar, an kuma baza ma'aunai da dama kusa da wuraren da suka fi ɗaukar zafi. A shekarar aka fito da PECI, layin waya ɗaya da ke kai wannan lamba ga na'urar da ke sarrafa fanka.

Abin lura a nan shi ne irin lambar da ma'aunin ke bayarwa. A masana'anta ake saita kowace furosesa da iyakarta, wadda ake kira TjMax, galibi digiri 100 ko 105. Ma'aunin yana faɗin digiri nawa suka rage kafin a kai wannan iyaka, kamar mai ɗura ruwa a randa da ke duba abin da ya rage tsakanin ruwan da bakin randar. Manhajar da ke nuna zafi a allo, irin su Core Temp da HWiNFO a Windows ko lm-sensors a Linux, ita ke ɗebe wannan tazara daga iyakar. In ma'auni ya ce 35, iyaka kuma 100 ce, sai allo ya nuna 65.

Abubuwa uku ne ke biyo bayan wannan tsari. Na farko, in manhaja ba ta san ainihin iyakar ba, lambar da za ta nuna kuskure ce. A zamanin Core 2 manhajoji sun riƙa hasashen iyakar, shi ya sa biyu daga cikinsu kan ba da lambobi mabambanta a kwamfuta ɗaya, sai da furosesocin Nehalem na 2008 suka zo da iyakar a rubuce inda manhaja za ta iya karantawa. Na biyu, an saita ma'aunin ne ya fi dacewa a kusa da iyaka, inda ake buƙatarsa, kuma ko a takardun Intel akan yarda da kuskuren da ya kai digiri 5 sama ko ƙasa. Don haka kwamfutar da ke hutawa tana iya nuna zafin da bai kai na ɗakin da take ciki ba, abin da ba zai yiwu ba da sanyayawar fanka. Na uku, kamfani na iya karkatar da lambar da gangan. A 2017 AMD ya bayyana cewa Ryzen 7 1700X da 1800X suna ƙara digiri 20 a kan ainihin zafinsu a lambar Tctl domin fanka ta tashi da wuri. An ƙirƙiri waɗannan lambobi ne domin sarrafa na'ura, kuma da wannan idon ya kamata a karanta su.

4.0 Matakan Kariya

Matakin farko fanka ce: tazara na raguwa, gudunta na ƙaruwa. In hakan bai isa ba, tazarar ta kai sifiri, sai alamar PROCHOT ta kunna. A Pentium 4, wadda ta fito a Nuwamban 2000, furosesar kan riƙa tsallake wasu bugun agogonta. Daga Pentium M ta 2003 aka koma rage saurin bugu tare da ƙarfin lantarki, hanyar da ta fi rage zafi kamar yadda lissafin sashe na 2.0 ya nuna. Mataki na ƙarshe shi ne THERMTRIP, wanda ke yanke wuta nan take ba tare da neman izinin Windows ko mai kwamfuta ba, a zafin da ya haura iyakar da digiri masu yawa.

Daga 2008, da zuwan Turbo Boost, ma'aunin ya samu sabon aiki: in akwai sauran tazara, furosesa na ƙara wa kanta gudu. AMD ya bayyana cewa an tsara Ryzen 7000 ta 2022 ta hau har digiri 95 ta zauna a nan tana aiki. Ke nan a yau tazarar zafi ta zama gudu. Kwamfutoci biyu iri ɗaya, kuɗinsu ɗaya, ba za su yi aiki daidai ba in ɗaya tana ɗaki mai sanyi ɗaya tana ƙarƙashin kwano.

5.0 Yanayin Ƙasar Daura

5.1 Bazara

Ana iya ƙiyasta zafin silikon da lissafi ɗaya: zafin iskar ɗaki, a tara da wutar da furosesa ke ci bayan an ninka ta da turjiyar hanyar da zafin ke bi ya fita. A ɗauki misali domin lissafi kawai: laftof mai cin wat 45, turjiyar hanyarta digiri 1.3 a kowane wat. Hawan zai zama digiri 58.5. A ɗaki mai digiri 25 silikon zai tsaya a 83.5, da sauran tazarar 16.5 in iyaka 100 ce. A kai wannan laftof ɗin ɗakin da ya kai digiri 42, sai lissafi ya ba da 100.5. Ba a taɓa komai a cikinta ba, amma tazarar ta ƙare, dole ta rage gudu.

A Daura da kewayenta zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40, wani lokaci ya haura, kuma shago ko aji mai rufin kwano ba silin yana iya fin waje zafi. Su kuwa masu ƙera na'urorin wani yanayi suka yi wa tanadi. Apple ya ƙayyade digiri 0 zuwa 35 ga iPhone, da 10 zuwa 35 ga MacBook, kuma 35 ɗin ce aka saba gani a takardun yawancin laftof. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar digiri 18 zuwa 27 ga ɗakunan manyan kwamfutoci. Ga shi kuma daga 2023 zuwa 2025 a watan Afrilu JAMB ta fara jarrabawarta, lokacin da zafi ke ganiyarsa, a ɗakunan da kwamfutoci da ɗalibai da yawa ke ƙara wa iskar ɗumi. Alamu na nuna abin ƙaruwa zai yi: a ranar 3 ga Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5 a zafin da ya mamaye yankin Sahel.

5.2 Hunturu

Hunturu yana rage zafin iska, amma yana barin ajiyar da sai bazara ake biyan kuɗinta. In mai gyara ya kwance laftof ɗin da ta sha hunturu biyu ko uku ba a buɗe ta ba, ya ɗaga fankar, abin da zai tarar tsakaninta da haƙoran ƙarfen zuƙe zafi shi ne wata dunƙulalliyar ƙura haɗe da zaren tufafi, ta toshe ƙofar iska daga gefe zuwa gefe har ana iya zare ta da hantsaki a dunƙule. In ya kwance kusoshin ƙarfen, man da ke tsakaninsa da silikon ya bushe ya tsattsage, yana marmashewa in an taɓa. Fankar na ta kuka amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi. A lissafinmu na sama, turjiyar ce ta ƙaru. In ta tashi daga 1.3 zuwa 1.7, hawan zai zama 76.5, laftof ɗin za ta kai iyaka ko da a ɗaki mai digiri 25. Da yawa daga cikin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai 'yan gwanjo ne, sun iso da mansu na asali wanda ya riga ya shekara da shekaru.

5.3 Waya, POS da Ƙananan Na'urori

Waya da POS ba su da fanka. Jikinsu ne ke fitar da zafi. Ban da ma'aunan da ke cikin silikon, suna da tamista a jikin batir da wasu wurare a kan bod, kuma sukan rage gudu tun silikon bai kusa iyakarsa ba, saboda batir da hannun mai riƙewa ba sa jure abin da silikon ke jurewa. Batirin litiyom ba a son a yi masa caji a sama da digiri 45. A rumfar mai caji, inda ake jera wayoyi a kan katako ɗaya, wata kan wata, caja na fitar da nata ɗumin, kwano na sauko da nasa, cajin yakan ja lokaci ko ya tsaya, mai waya ya zargi caja ko janareta alhali wayar ce ta ƙi karɓa don kare batirinta. Ita ma Raspberry Pi da ɗalibai ke amfani da ita a ayyukan kammala karatu tana fara rage gudu daga digiri 80, ta tsananta a 85. Duk wanda zai rufe ta cikin akwati ya kafa a gona ko a kan falwaya ya kamata ya sa wannan a lissafinsa.

6.0 Shawarwari

Ga masu gyara: ido ba mudu ba ne, haka ma tafin hannu. Kafin a goge kwamfutar da ake kukan nawarta, a buɗe manhajar awo, a ba ta aiki mai nauyi, a duba tazarar da ta rage da kuma ko alamar rage gudu ta kunna. A rubuta zafin ɗakin tare da sakamakon, domin lambar furosesa ita kaɗai ba ta nuna ko laifin na ƙura ne ko na ɗaki. Digiri 85 a ɗaki mai 40 lafiya ce. Digiri 85 a ɗaki mai 22 da aiki mara nauyi alama ce ta toshewa.

Ga makarantu da cibiyoyin jarrabawa: a tsayar da ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris a matsayin lokacin busa ƙura da sauya man furosesa, bayan hunturu ya wuce, kafin bazara ta kankama. Wajen sayayya a fifita furosesa mai cin wat 15 zuwa 35 ga aikin jarrabawa da na ofis; tana barin tazara mai yawa, tana kuma sauƙaƙa wa sola da batir idan wutar KEDCO ta ɗauke. Silin, tagogi masu fuskantar juna da inuwar bishiya suna rage digirin da kai tsaye ke komawa tazarar furosesa. A tuna kuma cewa ita furosesa tana da mai gadinta, amma kafasitocin da ke kewaye da ita ba su da irin wannan gata. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce ƙarin digiri 10 na raba rayuwar kafasito mai ruwa gida biyu.

Ga sassan nazarin kwamfuta da lantarki na manyan makarantun Daura: kowace kwamfuta a ɗakunan gwajinsu tana ɗauke da ma'auni kyauta. Ɗalibai za su iya rubuta 'yar manhajar da ke adana zafin furosesa, saurin bugunta da zafin ɗaki tun daga Disamba har zuwa Yuni. Sakamakon zai nuna yawan gudun da ake asara a kowane wata, ya kuma ba hukumomi hujjar da za su dogara da ita wajen zaɓar na'ura da tsara gini.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa furosesa na gane zafinta ta hanyar canjin 'yan milibolt a dayod ɗin da ke cikin silikon, tana mayar da shi lambar da ke nuna tazararta da iyaka, kuma da wannan lamba take ƙara gudu, ta rage, ko ta yanke wuta. An kuma nuna cewa a ƙasar Daura abubuwa biyu ne ke cin wannan tazara: zafin iskar bazara da turjiyar da ƙura da busasshen mai ke ƙarawa. Na biyun yana hannun mai gyara, na farkon kuma wani ɓangarensa yana hannun mai gini da mai sayen kaya. Duka biyun ana iya auna su da kayan da ke hannunmu, kuma kuɗin magance su bai kama ƙafar kuɗin sauya kwamfutocin da lafiyarsu ƙalau ba.